Manhajata tana aiki a hannuna, tana mutuwa a hannun masu shago: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Aboabo, nan Kumasi. Na rubuta wa 'yan kasuwa manhajar lissafin ciniki da bashi, ta waya da yaren kod na Kotlin, ta kwamfutar shago kuma da na C#, duka biyun suna aika bayanai zuwa sabar guda. A wayata da kwamfutata komai lafiya lau. Amma tun da na raba wa masu shaguna a Kejetia da Adum ban huta ba. Wani ya ce tana rufe kanta idan ya ɗauki hoton kaya, wani ya ce tana daskarewa idan ya danna maɓallin adanawa, wata Hajiya ta ce ciniki ɗaya ya shiga sau biyu, ta kwamfuta kuma ta ƙi buɗewa sam a wani shago. Na gyara nan, can ya ɓalle. Ta ina ake kamo bakin zaren?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'ar albarka. Idan na fahimce ka, kana da ƙorafi huɗu daga mutum huɗu, babu ko ɗaya da ka taɓa gani a na'urarka, kuma kana ta canza kod bisa zato. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, shi ne ma dalilin da kake gyara nan can yana ɓallewa. Tunda manhaja ɗaya ce take aiki a wurinka take mutuwa a wurinsu, abin da za ka nema shi ne bambancin da ke tsakanin wuraren biyu: ƙarfin wayar, zubin Android ɗinta, yaren da aka saita ta a kai, irin sabis ɗin da ake samu a tsakiyar kasuwa, da yadda mai ita yake danna ta yana ciniki da mutum uku a lokaci guda. Idan ka gano bambancin, gyaran kansa sau da yawa layi biyu ne ko uku.

Gani ya kori ji

"Tana rufe kanta" ba magana ce da za a yi aiki da ita ba, kuma ba laifin mai shago ba ne, iyakar abin da ya gani ke nan. Tsakanin Aboabo da Kejetia ba wata tafiya ba ce. Ka ɗauki kwamfutarka da igiyar USB ka je shagon, ka roƙi mutumin ya maimaita abin da ya yi a gabanka, da hannunsa. Kada ka karɓi wayar ka danna da kanka, domin kai ka san hanyar da ka tsara, ita za ka bi, shi kuwa wata hanyar yake bi da ba ta taɓa zuwa maka a rai ba.

Da izininsa, ka shiga bayanin wayar a cikin saiti, ka taɓa "Build number" sau 7 har zaɓuɓɓukan masu rubuta manhaja su bayyana, ka kunna "USB debugging", ka haɗa igiya ka buɗe adb logcat, wato littafin da wayar ke rubuta duk abin da ke faruwa a cikinta. Da manhajar ta faɗi, ka nemi layin da aka rubuta FATAL EXCEPTION. Masu koyo sukan tsaya a layin farko su ruga Google da shi. Ka sauka ƙasa zuwa "Caused by" na ƙarshe, nan ne asalin ciwon yake, sannan ka nemi layi na farko da ke ɗauke da sunan fayil ɗinka da lambar layi. Idan ka gama ka kashe abin da ka kunna. Wayar ɗan kasuwa akwai MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗinsa na waya, a ciki, amana ce.

Ba kowane shago za ka iya zuwa ba, don haka ka sa wa manhajar abin da zai riƙa aiko maka da rahoton faɗuwa da kansa, kamar Firebase Crashlytics ko Sentry. Idan ta Play Store kake rabawa, Play Console yana da sashen Android vitals, kuma Google yana ɗaukar manhaja a matsayin mai matsala idan masu amfani da ita a rana da suka ga faɗuwa suka kai kashi 1.09 cikin 100, ko waɗanda suka ga daskarewa suka kai kashi 0.47. Amma in fayil ɗin APK kake turawa ta WhatsApp kamar yadda yawancinmu muke farawa, wannan sashen ba zai amfane ka ba, sai ka dogara da Crashlytics ko Sentry. Ka kula da abin da kake aikawa cikin rahoton. Sunan mai bashi, lambar wayarsa da abin da ake binsa ba su da wuri a ciki. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, wato Act 843, kuma ko babu doka, ba ka son bashin wani Alhaji ya kwana a inda bai sani ba.

Sannan canji ɗaya a lokaci ɗaya. Ka canza, ka gwada, ka ajiye a Git, mai riƙe tarihin canje-canjen kod. Idan wani abu yana aiki watan jiya yau ya daina, git bisect zai raba maka tarihin gida biyu, ya sake rabawa, har ya nuna canjin da ya jawo. Ko canje-canje 1,000 ne, gwaji kusan 10 ya isa.

Mai ɗaukar hoto

A nan mutum biyu nake zargi, kuma dukansu ba sa nuna fuska a waya mai ƙarfi. Na farko girman hoton. Hoto mai faɗin 4,000 da tsayin 3,000 yana da ɗigo miliyan 12. A matsayin fayil ɗin JPEG ba shi da nauyi sosai, amma da ka buɗe shi a matsayin Bitmap kowane ɗigo yana cin bayit 4, kusan megabayit 48 ke nan a hoto guda. Wayar da RAM ɗinta gigabayit 2 ne, ga WhatsApp da Facebook a buɗe, ba za ta ɗauki biyu ko uku irin wannan ba, sai ka ga OutOfMemoryError. Maganin shi ne ka rage hoton tun wajen buɗewa da inSampleSize, ko ka bar wa laburaren hotuna irin Coil ko Glide aikin. Hoton buhun shinkafa a jerin kaya ba ya bukatar ɗigo miliyan 12.

Na biyu ya fi wayo, kuma shi na fi sa ran samu a wurinka. Lokacin da manhajarka ta kira kyamara, ita ta koma baya, kyamarar ce a gaba. Kyamara tana cin RAM da yawa, sai Android ya kashe manhajarka gaba ɗaya don ya samar mata wuri. Da mutumin ya ɗauki hoton ya dawo, Android ya sake tayar da allon da yake kai kamar babu abin da ya faru, alhali duk abin da ka riƙe a ƙwaƙwalwar wucin gadi ya tafi: sunan fayil ɗin hoton, kayan da ake cikewa, har wanda ya shiga da sunansa. Kod ya miƙa hannu ya ɗauko abin da babu, sai NullPointerException, ko UninitializedPropertyAccessException idan lateinit ka yi amfani da shi. Mutane da yawa suna zaton ViewModel, wato ajin da ke riƙe bayanan allo, yana kare su daga wannan. ViewModel yana tsira idan an juya waya a kwance, amma idan an kashe manhajar shi ma ya mutu.

Za ka iya jawo wannan matsalar a ɗakinka. Ka kunna "Don't keep activities" a zaɓuɓɓukan masu rubuta manhaja ka bi allunanka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kama da gaskiya kuma shi ne ka tura manhajar baya, ka rubuta adb shell am kill da sunan kunshinta, sannan ka dawo da ita daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan. Gyaran shi ne ka ajiye hanyar fayil ɗin a SavedStateHandle ko onSaveInstanceState kafin ka kira kyamara. Hanyar kawai, ban da hoton kansa, domin abin da ke wucewa ta nan yana bin wata ma'ajiya da ba ta wuce megabayit 1 ba, in ka cika ta TransactionTooLargeException ne zai biyo baya. Haka nan kada ka cusa hoto cikin SQLite, wato rumbun bayanan manhajar. Ka ajiye shi a matsayin fayil, rumbun ya riƙe sunansa.

Shawarar da nake ba duk wanda ya zo koyo wurina ita ce ya je PZ, wurin masu sayar da waya a Adum, ya sayi tsohuwar waya mafi arha mai tsohon Android, ya mai da ita wayar gwaji. Wayar kwaikwayo da ke cikin Android Studio tana da amfaninta, amma ba ita ce a aljihun mai sayar da atamfa ba.

Mai daskarewa

Kowace manhajar Android tana da babban zare guda ɗaya, wato layin aikin da ke zana allo yana kuma amsa taɓawa. Kamar yaron shago ne shi kaɗai a kan kanta: in ka aike shi sito ɗauko kaya, duk wanda ya zo sai ya tsaya jira. A allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, kusan milidaƙiƙa 16 yake da ita a kowane zane, kuma idan ya kai daƙiƙa 5 bai amsa taɓawa ba, tsarin zai fito da saƙon cewa manhaja ba ta amsawa. Tun Android 3.0 a 2011 an hana kiran intanet kai tsaye a kan wannan zaren, don haka ba nan zan fara dubawa ba. Zan nemi runBlocking a cikin kod ɗinka, da allowMainThreadQueries idan da Room, laburaren da ke kula da rumbun SQLite, kake aiki, da matse hoto ko haɗa rahoton wata a cikin maɓallin adanawa. A wayarka rumbun yana da cinikin gwaji guda 20. A wayar mai shago ya tara dubbai, kuma ma'ajiyar wayarsa ta fi taka jinkiri. Ka kunna StrictMode a sigar gwaji, zai tona duk inda kake taɓa fayil daga babban zare. Ka kuma cika rumbun gwajinka da cinikin ƙarya mai yawa ka gani.

Akwai kuma yiwuwar ba daskarewa ce ta gaskiya ba, da'irar jira ce kawai take juyawa tana sauraron sabar da ba ta amsa ba. Ga mai shago duk ɗaya ne. A nan tsarin manhajar ne yake bukatar gyara. Manhajar ɗan kasuwa bai kamata ta jira intanet kafin ta ce an adana ba. Ta rubuta a rumbun wayar nan take, ta sa wa cinikin alamar ba a aika ba tukuna, sannan WorkManager, mai gudanar da aikin baya a Android, ya aika idan sabis ya samu. Ka sani cewa aikin da ke maimaituwa a WorkManager ba ya sauka ƙasa da minti 15, kuma wayoyi da yawa suna da tsarin tattalin batir da ke tsayar da aikin baya. Don haka ka riƙa gwada aikawa duk lokacin da aka buɗe manhajar, kuma ka nuna wa mutum a fili ciniki nawa ne ke jiran tafiya.

Cinikin Hajiya da ya shiga sau biyu

Da ni ne kai, da wannan zan fara, ko da mutum ɗaya ne ya kawo ƙorafin. Manhajar da ke rufe kanta ana jin haushinta, amma wadda ta ninka wa mutum bashi za ta haɗa Hajiya faɗa da abokin cinikinta, kuma ranar da ta gano daga ina kuskuren ya fito za ta koma littafinta na takarda, maƙwabtanta na layi su bi ta.

Abu mafi sauƙi shi ne ta danna sau biyu saboda ba ta ga alamar ya shiga ba. Kashe maɓallin bayan dannawar farko yana rage wannan, amma bai kashe matsalar ba, domin akwai hanya ta biyu da ba ta bukatar hannun kowa. Waya ta aika ciniki, sabar ta karɓa ta rubuta, ta mayar da amsa, amsar ta ɓace a hanya saboda sabis ya yanke. Daga ɓangaren waya, wannan da rashin isar saƙon tun farko kamarsu ɗaya, ba ta da yadda za ta bambance. Sai ta sake aikawa, ko kai ka rubuta mata ta sake, ko mai ita ya sake dannawa. Sabar ta rubuta na biyu. A ɗakinka da Wi-Fi mai kyau ba za ka taɓa ganin wannan ba.

Maganin bai dogara da gyaruwar sabis ba. Kowane ciniki a ba shi lambar shaida ta UUID, wato doguwar lambar da ba ta maimaituwa, a cikin wayar, a daidai lokacin da aka ƙirƙire shi, a ajiye ta tare da shi. Duk sau nawa za a sake aikawa, da wannan lambar za a aika. A rumbun sabar kuma ka sa wa wannan gurbin sharaɗin UNIQUE, ta yadda in lambar ta sake zuwa sabar za ta amsa da cewa tana da shi, ba tare da ta ƙara layi ba. Sharaɗin ya zauna a rumbun kansa. Idan kod ne kawai yake dubawa kafin ya rubuta, saƙo biyu za su iya isowa a tare, kowanne ya duba ya ga babu, duka su shiga. In wata rana ka haɗa manhajar da biyan MoMo za ka tarar da wannan tsarin a can: hanyar neman biya ta MTN tana bukatar ka aiko da lambar UUID taka, amsar farko kuma tana nufin an karɓi buƙatar ne kawai. Ciniki yana da hali uku ke nan, ya yi, bai yi ba, ana jira, kuma wanda ya ɗauki "ana jira" a matsayin "bai yi ba" zai sa a cire wa mutum kuɗi sau biyu.

Tunda muna kan kuɗi, ka duba da wane irin adadi kake riƙe su. Idan Double ne, ka canza. A wannan tsarin 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, kuma irin waɗannan ɓurɓushin suna taruwa har jimillar waya da ta kwamfuta su saɓa da pesewa ɗaya ko biyu. Ka riƙe kuɗi a matsayin pesewa cikakku cikin Long, sidi 12 da pesewa 50 ya zama 1250, sai wajen nunawa ka raba da 100. C# yana da decimal, shi ma ya dace. Wani abin kuma na mutanenmu ne: tun Yulin 2007 aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, amma har yau akwai dattawan da ke kiran sidi 100 miliyan ɗaya. Idan adadin da aka shigar ya yi nesa da farashin kayan, manhajar ta tambaya kafin ta adana.

Yaren waya shi ma yana taɓa lissafi. Na taɓa bin diddigin wata manhajar sari da ke faɗuwa a hannun mutum ɗaya tak cikin masu amfani da ita. Ashe ɗan Nijar ne, wayarsa a Faransanci take, inda ake rubuta 12,50 da waƙafi. Manhajar ta nuna masa adadin da waƙafi, ta dawo karantawa tana neman ɗigo, sai NumberFormatException. A Zango muna da 'yan Nijar, Togo da Burkina Faso, muna kuma da malamai da suka saita wayarsu a Larabci, inda String.format kan iya fitar da lambobin Larabci su tafi sabar a haka. Duk abin da na'ura za ta karanta, ka rubuta shi da Locale.ROOT a Kotlin ko InvariantCulture a C#. Yaren mai waya na abin da ido zai gani ne kawai. Lokaci ma haka: Ghana a kan GMT take duk shekara, don haka kuskuren agogo yana ɓuya a wurinmu, sai ranar da wani ya buɗe manhajar a Kano ko Yamai, inda suke gaba da mu da awa ɗaya, cinikin dare ya faɗa wata ranar.

Abin da ka gwada ba shi ka raba ba

Akwai tambayar da ban ga amsarta a saƙonka ba: wadda ke wayarka, daga Android Studio ka tura ta, ko fayil ɗin da ka ba mutane ka saka? Sigar gwaji da sigar fitarwa ba abu ɗaya ba ne. In ka kunna matse kod, R8 mai yin wannan aikin yana canza sunayen azuzuwa da gurabe zuwa a, b, c, yana kuma zubar da abin da yake ganin ba a amfani da shi. Gson kuwa, laburaren da ke karanta bayanan sabar, da suna yake gane gurbi, don haka bayanan da suka zo daga sabar sai su koma fanko ba tare da wani kuka ba. Ana magance shi da @SerializedName da dokokin keep. Kuma ka adana mapping.txt na kowace fitarwa, fayil ɗin da ke haɗa sabbin sunayen da na asali, in ba haka ba rahoton faɗuwa zai zo maka da sunayen da ba za ka iya karantawa ba.

Sauran na wannan layin gajeru ne. Daga Android 9 na 2018 an toshe http marar tsaro sai in ka buɗe da kanka, kuma abin da ya dace shi ne ka sa wa sabar https. Daga Android 6.0 na 2015 izinin kyamara ana roƙonsa ne lokacin amfani, mutum kuma yana iya ƙi ko ya janye daga baya. Daga Android 13 har sanarwa sai da izini. Idan satifiket ɗin sabarka na Let's Encrypt ne, wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba ba su san tushensa ba, za su ƙi haɗuwa da SSLHandshakeException.

Kwamfutar da ta ƙi buɗewa

Windows ma yana da littafinsa. Ka buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs sannan Application, ka nemi jan layi a daidai lokacin da aka danna manhajar. Mai lamba 1026 daga .NET Runtime yakan zo da cikakken bayanin kuskuren, mai lamba 1000 kuma yana faɗin fayil ɗin da ya jawo faɗuwar.

Abin da na fi samu shi ne kwamfutar mai rubutawa tana da kayan da Visual Studio ya zuba mata, ta shago kuwa babu. Ko dai zubin .NET da ka gina a kai ba ya nan, ko VCRUNTIME140.dll, wanda ke zuwa cikin Visual C++ Redistributable na Microsoft. Kada ka sauko da fayil ɗin DLL shi kaɗai daga wani shafin da ba ka sani ba, hanyar shigar ƙwayar cuta ce. Ka fitar da manhajar a tsarin self-contained ta tafi da .NET ɗinta, ko da fayil ɗin zai yi nauyi. Ka duba ko Windows ɗin shagon mai bit 32 ne kai kuma ka gina na 64. BadImageFormatException alamar wannan saɓanin ce, kuma laburaren SQLite yana yawan jawo ta. Ka duba shekarun Windows ɗin ma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, .NET 7 da na bayansa ba sa tallafa masa, amma har yanzu ana cin karo da shi a kwamfutocin da aka sayo na hannu. Sai hanyar fayil: in ka rubuta C:\Users da sunanka a cikin kod, a kwamfutarka kaɗai wannan foldar take. In kuma rumbun yana zaune kusa da manhajar a Program Files, mai amfani na yau da kullum ba shi da izinin rubutu a can. Wurinsa AppData. Kafin ka kai wa kowa sabuwar siga, ka saka ta a sabon Windows da ba a taɓa zuba masa komai ba cikin VirtualBox, mai ba ka kwamfutar kwaikwayo a cikin taka.

Ko ta buɗe, dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, yana jiranta. SQLite an gina shi ya jure ɗaukewar wuta, muddin kowane ciniki yana cikin transaction guda kuma ba ka kashe synchronous don neman sauri ba. Inda ake ɓarna shi ne wajen kwafin ajiya: a kwafe fayil ɗin rumbun manhaja tana buɗe, a bar abokinsa mai ƙarewa da -wal, wanda cinikin baya-bayan nan ke ciki. Ka yi amfani da VACUUM INTO, ka kuma riƙa gwada dawo da kwafin. Kada kwamfuta biyu su buɗe fayil ɗin SQLite guda ta foldar da aka raba a netwok. Tsofaffin kwamfutoci kuma ƙaramin batirin agogonsu yakan mutu, wuta na ɗaukewa kwanan wata ya koma shekarun baya, https ya ƙi aiki, ciniki ya shiga da ranar da ba ita ba.

Wata matsalar da ba ka ambata ba amma tana tafe ita ce haruffa. Sunan da ke da ɗ, ƙ ko ɓ, sunan Asante mai ɛ ko ɔ, da alamar ₵, babu ɗayansu a tsohon tsarin Windows-1252. Ka tsaya a kan UTF-8 tun daga waya har sabar. Fayil ɗin CSV da za a buɗe a Excel ka sa masa BOM, alamar da ke nuna UTF-8 ne, a farko. Ƙananan firintocin rasit da yawa ba su da waɗannan haruffan, sai dai ka buga rasit ɗin a matsayin hoto, ko ka rubuta GHS a madadin alamar.

Kafin ka tura gyaran

Ban ga kod ɗinka ba, don haka duk abin da na lissafa zargi ne bisa abin da na saba gani. Rahoton faɗuwa guda ɗaya zai iya rushe rabinsa, kuma in ya saɓa da maganata, shi za ka bi. Hannuna kuma ya fi zama a Android da Windows, in ka tashi yin ta iPhone ka nemi wanda ya ƙware a can.

Amma akwai gargaɗi ɗaya da ba zato ba ne. Ƙara gurbin UUID yana nufin canza fasalin rumbun da ke wayoyin mutane. Room zai ƙi buɗewa idan ka ɗaga lambar siga ba ka rubuta Migration ba, kuma amsar farko da za ka gani a intanet ita ce ka sa fallbackToDestructiveMigration. Wannan layin yana kawar da kuskuren ta hanyar goge rumbun gaba ɗaya, har da bashin da ake bin mutane. Ka rubuta Migration da hannunka, ka ba tsofaffin layuka lambobinsu, ka saka tsohuwar sigar a wayar gwaji ka cika ta da ciniki, sannan ka ɗora sabuwar a kanta ka ƙirga ko komai yana nan. Ka sa wa sabuwar sigar hannu da makullin sa hannun manhaja da ka yi amfani da shi tun farko, domin in ya bambanta Android zai ƙi ɗora ta, mai shago kuma zai cire tsohuwar don ya saka sabuwar, bayanansa su tafi tare da ita. Ka fara ba shago ɗaya ko biyu su yi kwanaki da ita kafin sauran.

In ka je Kejetia ka samo rahoton mai ɗaukar hoton, ka turo mini daga layin FATAL EXCEPTION zuwa "Caused by" na ƙarshe, da samfurin wayar da zubin Android ɗinta, da abin da Event Viewer ya rubuta a shagon da kwamfuta ta ƙi buɗewa. Ka goge adireshin sabar da duk wani maɓallin sirri kafin ka turo, ko ni za ka ba ko ChatGPT.